Shekarar da Na Zama Fatoma a Kwaleji

Shekarun baya, tun Turawa na riƙe da ƙasar nan, na gama makarantar Midil aka ɗauke ni kwalejin horar da malamai a Zariya. Ni ne na farko daga ƙauyenmu, can ƙasar Dandamisa ta wajen Makarfi, da ya kai wannan matsayi, kuma ban wahalar da kaina wajen ɓoye wa kowa hakan ba. Ranar da zan tafi an yi mini nasiha har kunnena ya yi nauyi. A kiyaye salla. A guji sigari. A guji 'yan birni. Kada a ci naman da ba a san wanda ya yanka ba. Duk na kiyaye. Abin da ya kusa sa a kore ni daga makarantar kuwa babu wanda ya ambace shi, domin masu nasihar su ne abin.

Ga yadda lamarin yake. Mutumin ƙauyenmu idan larura ta kawo shi Zariya, asibiti ne ko kotu ko tashar jirgin ƙasa, ba ya faɗa wa gari kai tsaye. Sai ya nemi nasa tukuna. Da can ba mu da kowa. Ina Midil ana ganina yaro, babu mai ɗora mini kaya. Amma kwaleji, ai an zama malam. Ga ɗan gidan wane can yana jin Turanci, an ce ma kullum safiya da Bature yake gaisawa. To me ya rage?

Akwai wani ƙaton maɗaci a bakin ƙofar makarantar. Nan baƙina suke sauka. Da la'asar, daidai an kaɗa ƙararrawar karatun yamma, sai maigadi ya leƙo aji ya ce, "Kai, kana da baƙo." In fita in tarar da dattijo ya shimfiɗa buzu. In durƙusa. A tambayi gajiya, a tambayi hanya, a tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, a tambayi ruwa, a tambayi gona, a koma kan gajiya don kada a ce an yi mata rowa. Kafin a iso ga abin da ya kawo mutum, rabin karatun ya tafi. Sannan in je in nemi izinin fita, in kai shi asibiti, in tsaya a layi, in karɓi kati, in yi tafinta. In an gama kuma akwai rakiya, ita kuwa rakiya a wurinmu ba ta ƙarewa a bakin ƙofa. Sai ka ga motar ta tashi, ka ɗaga hannu har ta sha kwana.

Ba zan ce ban ji daɗi ba. Yaro da farin kaya da takalmi, yana gaba, mai furfura na biye da shi yana cewa "To, Malam, duk yadda ka ce." Wa zai ƙi? Har tafiyata ta canza.

Labari ya bazu. Bayan mutanen Dandamisa sai dangin mahaifiyata na Paki da Furana suka soma zuwa. Bayan su sai waɗanda duk dangantakarmu ita ce rumfarsu na kallon ta wani kawuna a kasuwar Makarfi. Wani ya zo da akuya ya ce in riƙe masa har ya fito daga kotu. Wani da na tambaye shi ko lafiya, ya ce lafiya ƙalau, shi dai an gaya masa ina sa takalmi ne ko da rana, ya zo ya gani.

Abokina, wani Bafulatani daga wajen Kudan wanda gadonsa ke kusa da nawa a ɗakin kwana, shi ya raɗa mini suna Fatoma, wato mai saukar da fatake. In na dawo a gajiye sai ya ɗago daga littafi ya ce, "Sannu, Fatoma. Yau ayarin daga ina? A shimfiɗa tabarma ko sun zo da tasu?"

Na ce masa hassada ce, don shi babu mai zuwa wurinsa.

Ya ce, "Ni dangina shanu ne. Ba su kai ƙara, ba su shiga jirgi. Shi ya sa na iya lissafi."

A nan ya taɓa inda ke ciwo. Wanda bai yi kwaleji ba yana ɗauka a gaban malami ake koyon karatu. Ba haka ba ne. Da safe malami yana wucewa ne kamar mai shuka, ya jefa ya yi gaba. Da yamma, kai kaɗai da littafi da fensir, nan abin yake tsira ko ya mutu. Ni kuwa yammacina na ƙarƙashin maɗaci. Na riƙa gaya wa kaina ai ina da kai, a Midil sau ɗaya nake karanta abu ya zauna. Tarihi da Turanci suka yi mini kara, suka lallaɓa. Lissafi bai san kara ba.

Ƙarshen shekara, bayan jarrabawa, shugaban makaranta ya kira ni ofis. Bature ne dogo, mai Hausar littafi, kowace kalma da wankanta da gugarta. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ina so in yi maka tambaya guda. Ubanninka nawa?"

Na ce, "Ɗaya, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Abin mamaki. Duk lokacin da ka nemi izinin fita, babanka ne ya zo. Na leƙa ta taga na ga babanka gajere, na gan shi dogo, na gan shi da gemu, na gan shi babu. Ran nan na gan shi da akuya."

Na soma yi masa bayanin yadda kowane dattijo yake uba a wurinmu. Ya ce ya sani, ya daɗe a ƙasar, kuma al'ada ce mai kyau, sai dai ba ta cikin jarrabawa. Hukuncinsa gajere ne. Bayan hutu ina da zango ɗaya. A ƙarshensa za a sake gwada ni a lissafi. In na faɗi, in koma gida. Kafin nan kuma ƙafata ba za ta ƙetare ƙofa ba sai ranar Lahadi da la'asar kamar kowa, in ta ƙetare, ba sai an jira jarrabawar ba.

Na iso gida hutu ana tsakiyar matsar rake. Na sami mahaifina a zaure na gaya masa komai. Ya ce, "To, mutum ya taso tun daga nan, ya zo ƙofarka. Ka ce masa me?" Ban ga laifinsa ba. Tun da na shiga kwaleji ake tsayar da shi a hanya ana yi masa godiya. Ba zai iya bin gida gida yana cewa a daina zuwa wurin ɗansa ba. Ni ma ba zan iya ba. Yaro ba ya gaya wa wanda ya halarci sunansa cewa ba shi da lokaci.

Mahaifiyata ta ji mu daga tsakar gida. Da na shiga tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Baffanka za ka samu. Bakinsa ake tsoro a garin nan. Amma kada ka same shi a zaure, zai cika ka da labarin wahalar da suka sha suna yara. Je ka wurin dahuwa. Ka gaishe shi da kyau. Kada ka rage komai."

Na dube ta. Ta ci gaba da tankaɗenta kamar ba ita ta yi magana ba.

Baffana, yayan mahaifina, mazarƙwaila yake yi a bakin fadama. Doki na zagayawa yana juya injin matsa, ruwan rake na tsiyaya, ana ɗiba ana zubawa a wani ƙaton kaskon ƙarfe, ana iza wuta da busasshiyar tuƙa. Duk wannan yaransa na yi. Amma idan ruwan ya yi kauri ya soma tafasa da ƙyar, yana tashi yana faɗawa, Baffa da kansa yake karɓar muciya, don tsakanin ya nuna da ya ƙone babu nisa. Na tsaya daga gefe na jira wannan lokacin. Da na ga ya karɓi muciya, na matsa na durƙusa.

"Baffa, barka da aiki."

"Yawwa, ɗan boko. Barka kadai." Idonsa na kan kasko.

"An tashi lafiya?"

"Lafiya."

"Ya gajiya?"

"Babu gajiya."

"Ya iyali? Ya ƙafar Inna, an ce ta yi targaɗe?"

"Da sauƙi."

"Madalla. Ya doki? Na ga kamar ya ɗan rame."

"Lafiyarsa lau. Kai, ƙara wuta ta can!"

"To madalla. Baffa, dama akwai wata 'yar magana, ko za mu ɗan koma inuwa in..."

Ya juyo da muciya a hannu kamar zai auna mini ita. "Kai! Wai a makarantar taku hankali ake cire muku a zuba Turanci? Ba ka ganin kasko a wuta? In na ɗaga hannun nan, aikin yini ya ƙone. Ko Hakimi ne ya zo yanzu, sai ya jira!"

Na ce to, na koma gefe na zauna. Aka sauke, aka zuzzuba a ƙananan kwanoni aka jera su sha iska. Ya wanke hannu ya zo yana share gumi, ya ce, "To, faɗi maganar taka."

Na ce, "Baffa, ko Hakimi?"

"Ko Hakimi."

"To ni nawa kaskon kullum la'asar yake kan wuta. Shekara guda ke nan ana kirana in bar shi in zo gaisuwa. Ya fara kamawa. Bature ya ce in ya ƙone, in naɗe tabarmata in dawo."

Ya tsaya yana kallona. Shi kansa ya sauka ƙarƙashin maɗacin nan ba sau ɗaya ba, kuma na ga ya tuna. Can ya ce, "Wa ya kitsa maka wannan iya shegen? Uwarka ce."

"Ni dai gaisuwa na zo."

Ya yi dariya har ya zauna a kan damin rake. Da ya natsu ya faɗi abin da har yau nake ganin shi ne gindin matsalar. Ya ce, "Ɗana, mu fa mun ɗauka zama kuke yi. Mun gan ka da farin kaya, a inuwa, hannu babu kanta. Wa ya san aiki ne?"

Mutanenmu ba su raina aiki, ba su kuma katse mai aiki. Manomi na kan kunya za a ce masa sannu daga bakin gona a wuce, babu mai fushi don bai ajiye fartanya ba. Aikin da ido ba ya gani ne kawai ba su san da shi ba, ni kuma ban taɓa nuna musu ba, don ina jin daɗin su ɗauka hutawa nake yi.

Washegari bayan sallar la'asar Baffa ya miƙe a ƙofar masallaci ya ce duk mai bukatar yaron nan, Lahadi da yamma. Wanda ya je wata rana daban, in ya dawo shi zai tarar. Ya maimaita a kasuwar Makarfi don 'yan nesa.

Zangon ya zo da sauƙin da ban zata ba. Ranar Lahadi maɗaci ya cika, in gaisa da kowa a natse, in kwatanta wa mai zuwa asibiti ƙofar da zai shiga gobe da abin da zai ce. Suka riƙa zuwa su kaɗai suna dawowa lafiya. Ashe asibitin cike yake da masu jin Hausa tun kafin a haife ni. Wannan ya ɗan rage mini tsawo, amma ya ƙara mini lissafi. Malamin lissafi ya ga na dage, ya yarda ya riƙa zama da ni da yamma muna cike ramukan da na bari. Muka cike duka sai lissafin kusurwa, wanda ya ƙi shiga kaina, muka bar masa yammacin ƙarshe, ana gobe jarrabawa.

Ranar ce maigadi ya leƙo. Ya daɗe bai leƙo ba, har shi kansa yana jin nauyi. Ya ce, "Na gaya masa ba Lahadi ba ce. Amma ka zo ka gani."

Na hango shi tun daga nesa. Tsohon maƙerin Furana ne, aminin kakana na wajen uwa, mutumin da na sha zama a maƙerarsa ina yaro in an je ganin gida. Sanarwar Baffa ba ta kai Furana ba. Ya ɗaure ido ɗaya da tsumma, tartsatsin ƙarfe ya faɗa masa, ɗaya idon kuma dama tsufa ya cinye rabinsa. Direban motar da ta kawo shi ya sauke shi a nan ya wuce. Wannan ba mai kallon takalmi ba ne. Wannan ko titi ba zai iya ƙetarewa shi kaɗai ba.

Malamin lissafi na aji yana jirana da alli a hannu. Bature kuwa ya riga ya sanar da ni cewa ubannina sun ƙare. Ban ƙarasa wurin tsohon ba sai da na koma ɗakin kwana na janyo abokina, wanda bai taɓa neman izinin fita ba tun da ya zo, don haka babu mai hana shi. Sannan na je na durƙusa, na gaida tsohon gaisuwa cikakkiya, ban rage ba. Da muka gama na ce, "Kaka, idon nan ba zai kwana ba a duba shi ba. Amma ba ni zan kai ka ba. In na fita ƙofar nan yau, an kore ni. Ga abokina, shi zai kai ka, ya tsaya har a gama."

Ya ce, "Ni jikan aminina na zo nema. Tun daga Furana. Ka haɗa ni da bare?"

Ban janye ba. Ina durƙushe ina kallon ƙasa sai na ji abokina ya ce, "Fatoma, wai wannan ne? Ai ba ka gaya mini maƙeri ba ne. Tashi, tsoho, ubangidanka ya zo."

Wanda ya san wasan da ke tsakanin Fulani da maƙera ya san an buɗe ƙofar da ba ta rufuwa. Tsohon ya karkata kai yana neman inda muryar ta fito. "Wannan muryar ta ɗan Fulani ce. Siririya kamar ƙaurinsa. Yaro, wa ya sake ka daga bayan shanu?"

"An aiko ni in tattaro bayinmu da suka ɓata. Shekara nawa kana wasa da wuta, sai yau ta rama?"

"Wutar da kakanka ke gudu in ya ji na taɓa zugazugi? Ku da ko allura ba ku iya ƙerawa?"

"Mu ke sha nono, ku ku sha hayaƙi. Kawo hannun."

"Allah ya sawwaƙe. Yau ni Bafulatani zai kora kamar saniya." Ya miƙa hannun.

Suka tafi suna faɗa har muryarsu ta ɓace. Ni bai ce mini ko sai an jima ba, kuma na ji abin har cikin ƙashina. Na koma aji. Da farko duk kusurwar da malami ya zana tsumman nan nake gani a kanta. Malamin ya ajiye alli ya ce, "In jikinka ne kawai ya dawo, gara ka bi su." Na tattaro hankalina na zauna. Kafin magariba abin da ya ƙi shiga wata da watanni ya shiga.

Abokina ya dawo ya ce an cire tartsatsin, idon ya tsira, ya kuma kai tsohon gidan wani mutumin Ikara a Tudun Wada inda zai kwana. Washegari na yi jarrabawa. Ban zo na ɗaya ba, ban ma ga ƙeyar na ɗaya ba, amma na ci, na kuma gama kwalejin da takardata.

Tsohon bai yafe mini da wuri ba. In na je Furana na gaishe shi, "lafiya" ɗaya yake ba ni, busasshiya. Abokina kuwa har wuƙa ya ƙera masa ya aika, yana gaya wa duk mai saurare cewa a makarantar nan ɗan Fulanin ne mai ilimi, jikan amininsa ba shi da lokacin mutane.

Ku da za ku shiga manyan makarantu yanzu, na san babu maɗaci a ƙofarku. Naku baƙin a aljihu suke, waya na kawo su har cikin aji, kuma ba su jiran la'asar. Amma abin bai canza ba. Za a yi muku nasiha kan miyagun abokai, alhali wanda zai cinye karatunku sau da yawa mai ƙaunarku ne, da bukatarsa ta gaskiya. Kada ku jira sai an kira ku ofis kamar ni. Tun kafin ku tafi, ku nemi wanda ake jin maganarsa a gidanku, ku nuna masa cewa zaman nan da littafi aiki ne, da misalin aikin da shi ya sani. Ku ware ranar mutane, ku ba su ita da zuciya ɗaya. In larura ta zo a ranar da ba tata ba, kada ku rufe ƙofa, ku nemo wanda zai tsaya a madadinku, wanda ke nufin tun farko ku yi abokin da zai tashi in kun janyo shi. Duk da haka wani zai ji haushi. Ku bar shi ya ji. Ban taɓa nadamar komawa ajin nan ba, ko a shekarun da ake ba ni busasshiyar "lafiya".

Bayan na fara aiki aka tura ni koyarwa wata elementare a ƙasar Ikara. Wata safiya ina cikin aji na ga tsohon maƙerin nan a bakin taga, ya ƙara tsufa, yana riƙe da hannun jikansa. Na fito na durƙusa zan fara gaisuwa, ya ɗaga mini hannu.

"Bar ta, kana kan aiki. Ga wannan, ka sa shi a makaranta." Ya tura yaron gabana, ya juya zai tafi, sannan ya waiwayo da idon nan da aka ceto. "In wani ya zo nemansa lokacin karatu, ka kore shi. Ko ni ne."